Manhajar tsofaffin sakamakon ƙwallo: na gwada ta da gasar jihohin Indiya, ga abin da na gani

Tauraro 3 cikin 5 na ba ta, kuma da za su gyara abu ɗaya tak da zan yi bayaninsa a ƙasa wallahi 4 zan ba ta ba wani dogon tunani. Manhaja ce ta waya wadda aikinta kawai adana sakamakon wasannin ƙwallo da suka wuce, ba irin masu nuna maka ci kai tsaye ana cikin buga wasa ba, ita tarihi ta sa a gaba, ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi gasa, ka zaɓi shekara, sai ta zubo maka wa ya ci wa da nawa. Ba zan kama sunanta ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganar tawa, kuma irinta suna da yawa a wajen dawunlodin, kusan dukkansu ciwo ɗaya ke damunsu, to abin da zan faɗa zai yi maka amfani ko wacce ka ɗauko.

Akwai ɓangaren kyauta akwai na biya duk wata. Na kyautan yana ba ka fainal da sunan wanda ya ɗau kofi, na biyan shi ne ke buɗe maka wasannin rukuni da semi-fainal da waɗanda suka zura ƙwallaye, ya kuma cire maka talla. Ni na biya, don haka abin da zan faɗa a kan cikakkiyarta ne.

In ka gwada irin wannan manhajar da Firimiyar Ingila ko Laliga ko Kofin Duniya ba ka gwada komai ba, wannan ai kowa na da shi, har minti nawa aka ba da jan kati za ka samu ko'ina. Inda ake gane wanda ya yi aiki shi ne gasannin da ba kulob-kulob ke bugawa ba, irin wadda jihohi ko yankunan ƙasa ɗaya ke haɗa 'yan wasansu su kara da juna. Su waɗannan gasannin sun tsufa, wasu sun girmi lig ɗin ƙasashensu nesa ba kusa ba, kuma sunayen jihohi na canzawa, ana raba wata ana haɗe wata, to a nan ne mai haɗa manhaja zai nuna ko ya san abin da yake kwafowa ko kuwa jidowa kawai ya yi ya zuba. Shi ya sa na ɗauki Santosh Trophy ta Indiya na bi ta tun daga tushe.

Ga wanda bai san ta ba, gasa ce ta ƙasa tsakanin jihohin Indiya, an fara ta a 1941, sunan kuma daga wani basarake ne Maharaja Manmatha Nath Roy Chowdhury na garin Santosh wanda ya shugabanci hukumar ƙwallo ta Bengal, shi garin Santosh ɗin ma yanzu a cikin Bangaladash yake. Ban da jihohi akwai tim biyu na ma'aikatu da ke shiga, Services wato sojojin ƙasar, da Railways wato ma'aikatan jirgin ƙasa. Kafin a kafa lig na ƙasa a 1996 wannan kofin na cikin manyan abubuwan da ɗan ƙwallon Indiya ke mafarkin ɗagawa, daga nan ake zaɓo 'yan wasan ƙasa. Yanzu darajarta ta ragu tunda taurarin manyan kulob ba sa buga ta, amma a wurare irin su Kerala da Bengal da jihohin arewa maso gabas har gobe mutane na cika fili saboda ita.

Bari in fara da inda manhajar ta burge ni don kar a ce hassada ce. Jerin fainal ɗin a cike yake tun daga na farko, 1941 Bengal ta casa Delhi 5 da 1, sannan ta nuna ba a buga ba a 1942 da 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu, ba tsallakewa ta yi shiru ba, ta rubuta ba a buga ba, wannan ƙaramin abu ne amma yana da muhimmanci don in aka tsallake shekara ba bayani sai ka ɗauka sakamakon ne ya ɓata. Da aka dawo a 1944 Delhi ta rama ta doke Bengal 2 da nema, shi ma yana nan daidai. Na shiga 1973 inda Kerala ta ɗau kofinta na farko a Ernakulam, ta ci Railways 3 da 2 kuma kyaftin ɗinsu Mani shi kaɗai ya ci ukun, har sunansa sun sa. Na shiga na 1974 wanda Punjab ta yi wa Bengal 6 da nema a fainal, abin da har yau in ana lissafin kashin da Bengal ta taɓa sha sai an ambato shi, kuma sun rubuta Inder Singh da ƙwallaye 23 a wannan gasar kaɗai. Ka tsaya ka yi tunani fa, ƙwallo 23 a gasa ɗaya ta ɗan gajeren lokaci, ba kakar lig ta wata tara ba. Samun irin wannan bayanin a waya cikin daƙiƙa kaɗan gaskiya abin yabawa ne.

Ba ta da nauyi, ba ta cin data sosai tunda yawanci rubutu ne da lambobi, kuma in ka buɗe shafin wata shekara sau ɗaya yana zama a wayar ko netwok ya ɗauke za ka iya komawa. Caji ma ba ta zuƙa. Akwai wajen da za ka haɗa tim biyu ta fito maka da duk haɗuwarsu, ni wannan ne ɓangaren da na fi zama a kai, na sa Kerala da Bengal na zauna ina karantawa kamar labari.

Don haɗuwar waɗannan biyun a shekarun baya-bayan nan ita kanta abin a zauna a kai ce. A 2018 an yi fainal a Kolkata, gidan Bengal kenan, aka tashi 2 da 2 har bayan ƙarin lokaci, Kerala ta cinye a fenariti 4 da 2 a gaban mutanen Bengal. A 2022 kuma aka sake haɗuwa amma wannan karon a gidan Kerala, garin Manjeri a yankin Malappuram inda mutane ke son ƙwallo kamar me, minti 90 ba ci, aka shiga ƙarin lokaci Bengal ta fara zurawa kowa ya ɗauka an gama, saura 'yan mintuna Kerala ta farke, aka je fenariti ta sake cinyewa 5 da 4, kofinta na 7 kenan. A semi-fainal ɗin wannan shekarar ma akwai abin mamaki, Kerala ta ci Karnataka 7 da 3 kuma wani yaro Jesin da aka sako daga benci shi ya ci 5 daga ciki. Sai kuma ranar ƙarshe ta 2024 a Hyderabad Bengal ta rama, 1 da nema, Robi Hansda ya ci ana dab da tashi, kofin Bengal na 33 kenan. Duk wannan manhajar ta kawo shi tsaf da mintunan ci da sunaye da waɗanda aka canza, a shekarun nan na kusa ban kama ta da kuskure ko ɗaya ba.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci, kuma shi ne dalilin da na zauna rubuta wannan dogon bayanin.

A watan Maris na 2023 an kai semi-fainal da fainal na gasar nan Riyad ta Saudiyya, filin Sarki Fahad, karon farko da aka fitar da ita wajen Indiya. Karnataka ta doke Meghalaya 3 da 2 ta ɗau kofi. Babban labarin wannan ranar shi ne Karnataka ta shekara 54 ba ta ɗauka ba, rabonta da shi tun kakar 1968-69, duk murnar da 'yan jihar suka yi a kan wannan dogon jiran ne. Amma in ka buɗe shafin Karnataka a manhajar nan me za ka gani? Kofi 1. Har da wata 'yar alama wai zakara karo na farko. Haba jama'a. Jihar nan a da sunanta Mysore, a 1973 aka canza mata suna zuwa Karnataka, kuma da sunan Mysore ta ɗau kofin nan sau 4, a 1946-47 da 1952-53 da 1967-68 da 1968-69, in ka haɗa da na Riyad 5 kenan. Su sai suka buɗe wa Mysore shafinta daban suka rubuta mata tim ɗin da ta daina wasa, ba ko layi ɗaya da ke haɗa ta da Karnataka. Kamar mutum ne ya canza suna sai a ce 'ya'yan da ya haifa da tsohon sunan ba nasa ba ne. Yaron da bai san tarihin ba in ya karanta zai tafi da cewa Karnataka sabuwar shiga ce a harkar, alhali Bangalore na cikin garuruwan da suka fi fitar wa Indiya 'yan ƙwallo a shekarun 1940 da 1950.

Ba a nan ta tsaya ba. Bombay ta ɗau kofi a 1954-55, a 1960 aka raba jihar Bombay gida biyu, Maharashtra da Gujarat, birnin Bombay ɗin da hukumar ƙwallonsa suka faɗa Maharashtra. Duk wanda ke lissafin gasar nan yana haɗa wancan kofin da na Maharashtra ya zama 4, manhajar ta ba ta 3. Ita ma Goa an ci mata guda, don a kakar 1982-83 an buga fainal da Bengal har sau biyu ba wanda ya ci wani, aka ce to su raba kofin, duka biyun zakaru ne. Da alama wanda ya gina manhajar gurbi ɗaya kawai ya yi wa zakara, to da aka zo shekarar da zakaru biyu ne sai aka sa Bengal a sama aka tura Goa ta biyu. Wannan kofin kuwa shi ne na farko a tarihin Goa, ka ga ba ƙaramin abu aka goge musu ba, 5 gare su manhajar ta ce 4.

Akwai wanda ni kaina na yarda yana da wuyar sha'ani, shi ne na Hyderabad. Tim ɗin Hyderabad ta ɗau kofi biyu a jere, 1956-57 da 1957-58, a lokacin da 'yan sandan birnin ke da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a ƙasar. Ita jihar Hyderabad an rushe ta a 1956, birnin ya zama hedikwatar Andhra Pradesh wadda ita ma ta ɗau kofi a 1965-66, sannan a 2014 aka sake yanka Telangana birnin ya koma can. To wa za ka ba kofunan nan biyu? A nan ban ga laifinsu ba da suka bar Hyderabad ita kaɗai, ni ma da haka zan yi. Abin da nake nema kawai shi ne 'yar sanarwa a ƙasan shafin mai cewa ga abin da ya faru da wannan tim ɗin, ga inda yankin yake yanzu. Layi biyu ya isa. Matsalar ita ce sun yi wa Mysore da Hyderabad hukunci iri ɗaya alhali ba labari ɗaya ba ne, ɗaya suna kawai aka canza, ɗaya kuwa wargaza ta aka yi.

Don in tabbatar ba Indiya kaɗai abin ya shafa ba sai na leƙa Burazil, su ma sun yi irin wannan gasar ta zaɓaɓɓun 'yan wasan jihohi tun farkon shekarun 1920, ta ƙarshe a 1987. A can kuskuren ma ya fi muni don juyawa ya yi. A wancan zamanin birnin Rio de Janeiro shi ne babban birnin ƙasa, tim ɗinsa kuma Distrito Federal ake ce mata, ita da Sao Paulo ne suka yi ta musayar kofin. A 1960 aka mayar da babban birni Brasilia, sunan Distrito Federal ya bi shi can, shi kuma Rio ya zama jihar Guanabara kafin a haɗe shi da jihar Rio a 1975. Manhajar sai ta kwashe kofunan da 'yan Rio suka ci a shekarun 1920 zuwa 1950 ta liƙa wa Distrito Federal ta yanzu da tutar Brasilia, garin da ba a ma gina shi ba lokacin da ake buga wasannin. Wato inda suna ya canza amma wuri ɗaya ne sun raba, inda suna ɗaya ne amma wuri ya canza sun haɗa. Wannan ya nuna maka kwamfuta ce kawai ke duba harufan suna, ba wani mutum da ya zauna ya karanta.

Kuma abin da ya sa nake ganin wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, ita gasar jihohi ba kamar ta kulob ba ce. Kulob kana iya zaɓarsa don kana son launin rigarsa ko wani ɗan wasa, in ya koma wani wajen ka bi shi. Tim ɗin jiha kuwa ba zaɓa ake ba, ta inda aka haife ka ce, lissafin kofunanta lissafin mutanen wajen ne da kakanninsu. Shi ya sa lokacin da Manipur ta ɗauka a 2002-03 ko Mizoram ta ci Railways 3 da nema a fainal ɗin 2014, ƙananan jihohi ne can gefen ƙasa da ba kasafai ake jin labarinsu ba, abin ya wuce ƙwallo a wajensu. Manhajar da ta ce aikinta tarihi ne in ta kasa riƙe wannan zaren to ta kasa a ainihin inda ake buƙatarta.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne zan bi su da sauri. Yadda suke rubuta shekara ba tsari ɗaya ba ne, wani wajen 2022-23 wani wajen 2023 kawai, kuma da yake gasar kan fara a ƙarshen wata shekara ta ƙare a farkon wata sai ka buɗe 2024 kana neman fainal ɗin da Services ta ci Goa 1 da nema a Arunachal Pradesh cikin Maris, ta kai ka na Bengal da Kerala na Disamba, tunda duka biyun a cikin 2024 aka buga su. Sun sa Services da Railways a rukunin kulob maimakon a cikin tim ɗin gasar, to in ka tace jerin zakaru da jihohi kawai sai shekarunsu su zama wayam kamar ba a buga ba, kuma Services ba ƙaramar tim ba ce a nan, wancan na Maris 2024 shi ne kofinta na 7. A shekarun 1940 zuwa 1960 yawanci fainal da semi-fainal kawai za ka samu ko da ka biya, wasannin zagayen farko babu, ban ɗora musu laifi sosai ba don tsofaffin bayanai ne, amma ya kamata su faɗa tun kafin mutum ya biya maimakon su rubuta cikakken tarihi a tallarsu. Wajen bincike kuma in ka kuskure harafi ɗaya ba zai kawo maka komai ba, sunaye irin Meghalaya ko Maharashtra kuwa ba kowa ke rubuta su daidai a karon farko ba.

Tallan ɓangaren kyauta ya yi yawa, kuma mafi yawansa na caca ne, wanda ni ban ga haɗinsa da mai neman sakamakon 1952 ba. In yaro za ka ba wa wayar ka san da wannan.

Akwai maɓallin kai rahoton kuskure, na tura musu batun Mysore da na Goa da na Rio da bayani dalla-dalla. Amsa ta zo da wuri kuma cikin ladabi, mutum ne ya rubuto ba irin amsar inji ba, ya ce batun zakaru biyu sun san da shi yana cikin abin da za su gyara, na sunayen jihohi kuma zai miƙa wa masu kula da bayanai. Da sabon sabuntawa ya fito na duba, sun gyara na Goa, yanzu 1982-83 na nuna sunaye biyu kuma kofunanta sun koma 5, wannan na yaba musu ƙwarai. Karnataka dai har yanzu 1 take, Brasilia kuma na nan riƙe da kofunan Rio.

In kai mai son duba wa ya ci fainal a shekara kaza ne don raba gardama, ɓangaren kyauta ya ishe ka, sakamakon wasa ɗaiɗai nasu daidai ne a duk inda na duba. In kuma rubutu kake ko shirin rediyo ko bidiyo a kan tarihin ƙwallo, na biyan zai rage maka wahala musamman daga shekarun 1990 zuwa yau, amma kar ka ɗauki jimillar kofunan da ke saman shafin kowace jiha, ka shiga jerin shekara-shekara ka ƙirga da kanka, kuma duk tim ɗin da ka ga an rubuta mata ta daina wasa ka fara binciko ko suna kawai ta canza. Ni zan bar biyan nawa ya ci gaba zuwa sabuntawa na gaba in ga ko za su haɗa Mysore da Karnataka, in ba su haɗa ba zan koma na kyauta.